Hawan Dutse Mai Aman Wuta da Jagora: Alhakin Ran Matafiyi Yana Wuyan Wa?

Da safiyar Asabar, 21 ga Yunin 2025, wata matashiya 'yar ƙasar Brazil mai shekara 26 ta zame daga siririyar hanyar da ke kaiwa ƙololuwar dutsen Rinjani a tsibirin Lombok na Indonesiya, ta gangara cikin kwazazzabo ta ɓangaren tafkin da ke cikin bakin dutsen. Ba ita kaɗai ta hau ba. Tana cikin ayari, ta biya kuɗinta, kuma akwai jagora. Bayan faɗuwarta wasu masu hawa sun ɗauko hotonta da ɗan jirgi mara matuƙi, aka ga tana motsi. Hazo da tsayin gangaren suka yi ta mayar da masu ceto baya, sai ranar 24 ga wata suka isa inda take, suka tarar rai ya yi halinsa.

Idan irin wannan labari ya iso wajenmu, bakin mutane yakan rabu biyu. Wasu su ce me ya kai ta, wanda ya ɗebo da zafi ai bakinsa. Wasu kuma su ɗora komai a kan jagoran, su ce ya ci amana. Duka maganganun biyu sun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci: idan mutum ya biya kuɗi aka ce an haɗa shi da jagora, me ya saya? Kuma tsakanin wanda ya karɓi kuɗin da wanda ya hau dutsen da shi, hannu nawa ne?

Su waye 'yan jakar goyo, mene ne masaukinsu

'Yan jakar goyo matafiya ne, galibi matasa, da ke tattara duk abin da za su buƙata a jaka ɗaya su goya, su yi watanni suna ratsa ƙasashe da ɗan guzuri. Suna da hanyoyin da suka saba bi. Ɗaya tana ratsa Tailan da Laos da Biyetnam ta sauka Indonesiya. Wata tana tasowa daga Meziko ta bi Gwatamala da Nikaragwa har Panama. Duka hanyoyin biyu sun bi ta yankunan da duwatsu masu aman wuta suka yi layi a gefen tekun Fasifik, shi ya sa hawan irin wannan dutse ya zame musu kamar wajibi a tafiyar. Indonesiya kaɗai tana da irin waɗannan duwatsu masu rai fiye da 120.

Inda suke kwana shi ake kira hostal. A wajenmu kalmar tana nufin ɗakin kwanan ɗalibai, kuma kamannin ba su da nisa: gadaje masu hawa biyu, mutum huɗu zuwa goma sha biyu a ɗaki, kabad ɗin da kowa zai saka wa kwaɗonsa, banɗaki da kicin na haɗaka, da falon da ake taruwa da daddare. Gado kake haya, ba ɗaki ba. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, shi ya assasa tsarin domin ɗalibansa masu yawon ƙafa, aka buɗe na dindindin na farko a garin Altena a 1912.

Bahaushe bai kamata ya ga wannan a matsayin baƙon abu ba. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro sun san zango, sun san maigidan da ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya. Sai dai akwai bambanci ɗaya, kuma a ganina shi ne tushen matsalar gaba ɗaya. Maigidan zango ya san falken nan zai dawo baɗi, ɗansa ma zai zo bayansa, idan ya haɗa shi da macuci sunansa ne ya ɓaci daga Salaga har Kurmi. Baƙon hostal kuwa kwana uku zai yi ya wuce, ba zai sake dawowa ba har abada. Abin da ya rage a hannunsa kawai shi ne 'yan taurarin da zai ba wurin a intanet, su ma a kan tsabtar gado da ƙarfin sabis yake bayarwa.

Daga teburin karɓar baƙi zuwa bakin rami

A garuruwan da ke gindin irin waɗannan duwatsu, kamar Antigua a Gwatamala, ko tsibiran da ke kewaye da Lombok, da wuya ka shiga masauki ba ka ga allo an rubuta farashin hawan dutse ba. Ka biya a teburin karɓar baƙi, gobe da sassafe mota ta zo ta ɗauke ka. A mafi yawan lokuta masaukin ba shi ne mai shirya hawan ba. Dillali ne, la'adarsa yake cira ya miƙa sunanka ga wani kamfani. Wani lokaci kamfanin ma idan bai tara isassun mutane ba sai ya haɗa nasa da na wani. Can a ƙarshen igiyar sai jagora, ɗan ƙauyen da ke gindin dutsen, da 'yan dakon da za su ɗauki tanti da ruwa da tukwane. A Rinjani za ka gansu da sandar gora a kafaɗa, kwando gaba kwando baya, da yawansu silifas ne a ƙafarsu.

Matafiyin da ke lissafin kowane kwabo zai zagaya masauki uku yana neman mai rahusa. To ina rangwamen yake fitowa? Kuɗin shiga gandun gwamnati ba ya raguwa. Kuɗin mota ba ya raguwa. Abin da ake iya matsewa shi ne adadin jagorori, da ladan ɗan dako, da ingancin tanti da bargon barci, da kuma yawan kwanaki. Araha ba ta ado, a nan kuwa abin da ake cirewa ba ado ba ne, shi ne ainihin abin da ke tsare ran mutum.

Ɗauki Rinjani. Tsayinsa mita 3,726 ne, shi ne na biyu a duwatsu masu aman wuta na Indonesiya bayan Kerinci. Mai bin hanyar ƙauyen Sembalun yana tasowa daga wajen mita 1,100, ya wuni yana hawa har ya kai sansanin gefen rami a wajen mita 2,600. Ya ɗan runtsa, a tashe shi da misalin ƙarfe biyu na dare domin ya kai ƙololuwa kafin fitowar rana. Sauran mita dubu da ɗoriya da suka rage masa toka ce da tsakuwa, ƙafa na nutsewa kamar mai ratsa rairayi, ga duhu, ga iska, ga kwazazzabo hagu da dama. Ana sayar da wannan tafiya a kwana ɗaya wuni biyu ga wanda yake sauri ko yake son ragi, kuma an sha sayar da ita ga mutumin da bai taɓa hawa abin da ya fi bene ba.

Yanzu ka ɗauka jagora ɗaya ne da mutum shida, ɗaya ta ce ta gaji ba za ta iya ci gaba ba. Idan ya tsaya da ita, biyar sun shiga duhu ba mai sanin hanya. Idan ya juya da kowa, ya san abin da za a rubuta a kansa da abin da mai kamfani zai faɗa masa. Idan ya ce ta huta ya raka sauran, ya bar mafi rauni ita kaɗai. A kan wannan gaɓa ce aka yi ta jayayya a lamarin matashiyar Brazil: danginta sun ce an bar ta ita kaɗai, jagoran ya ce ɗan gaba kaɗan ya yi yana jiranta. Duk yadda gaskiyar take, an riga an jefa shi cikin wannan tsaka mai wuya tun ranar da aka yanke cewa mutum ɗaya ya isa ya kula da ayarin.

Akwai kuma rawar da falon masauki ke takawa, wadda ba a cika maganarta ba. Wanda ya sauko jiya yana nuna hoton fitowar rana a saman gajimare, yana cewa da wuya amma kowa zai iya. Wanda ya juyo a rabin hanya yana amai ba ya ba da labari, yana can kwance a gadonsa. Haka sabon zuwa yake yanke shawara cikin dare ɗaya, don abokan da ya yi jiya za su tafi gobe kuma ba ya son a bar shi.

Wuta ake tsoro, sanyi ne ke kisa

Mafi yawan mutane idan an ce dutse mai aman wuta, narkakken dutse mai gudu suke hangowa. Shi kuwa yawanci a hankali yake tafiya, gidaje da gonaki yake cinyewa fiye da mutane. Abin da ya fi ɗaukar ran masu hawa shi ne faɗuwa, da sanyi, da ciwon tsayi.

Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Mutum zai bar gindin dutse yana gumi cikin 'yar shara, ya kai sama inda ruwa ke iya daskarewa, rigarsa a jiƙe, iska na kaɗawa. A watan Janairun 2017 mutum shida suka mutu saboda sanyi a dutsen Acatenango na Gwatamala, mai tsayin mita 3,976, wanda matafiya ke kwana a kansa domin kallon maƙwabcinsa Fuego yana tartsatsi da daddare. Ƙasar mai zafi ce, kuma wannan ne ke yaudarar baƙo.

Ciwon tsayi yakan fara ne daga wajen mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci. Idan ya yi tsanani ruwa yakan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma babban maganinsa shi ne saukowa. Ba ya duba ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin wuri mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419 ne. Na Nijar, a tsaunukan Bagzan na Azbin, bai wuce mita 2,000 da kaɗan ba. Jos da muke kuka da sanyinta tana wajen mita 1,200. Wato duk wanda bai taɓa fita daga ƙasashen nan biyu ba, bai san yadda jikinsa zai yi a saman Rinjani ba, ko da kullum yana buga ƙwallo.

Fashewar kanta tana faruwa, kuma irin wadda ta fi kashe masu hawa ita ce wadda ba ta sallama. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa yakan yi zafi ya zama tururi a wurin da ya toshe, kamar tukunyar da aka danne murfinta a kan wuta, sai ya yi bindiga ya watso duwatsu da toka mai ƙuna. Haka ta faru a dutsen Ontake na Japan dab da tsakar ranar 27 ga Satumban 2014, mutum 58 suka mutu, biyar suka ɓace, a ƙasar da ta yi fice wajen sa ido kan duwatsunta. A tsibirin Whakaari na Niyu Zilan, da dutsensa ya fashe ranar 9 ga Disamban 2019, mutum 47 ne a wurin, 22 suka rasa rayukansu, har da jagorori. A dutsen Marapi na Sumatra kuwa, ranar 3 ga Disamban 2023, masu hawa 75 ne a kai, fiye da 20 suka mutu, alhali tun 2011 dutsen yana mataki na biyu cikin matakan gargaɗi huɗu na Indonesiya, kuma masana sun ce kada a kusanci bakinsa da ƙasa da kilomita 3.

Jagora ya san hanya, ya san inda ruwa yake, ya san alamun hadari. Bai san abin da ke tafasa a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Wannan aikin hukumar da ke auna girgizar dutsen ce, kuma matakin gargaɗin da take fitarwa a buɗe yake ga kowa ya duba a wayarsa kafin ya biya kuɗi.

Masu cewa a rufe, da masu cewa a bar kowa da zaɓinsa

Bayan kowane hatsari akan ji masu cewa a hana hawan gaba ɗaya. Masu wannan magana ba sa lissafa ƙauyukan Sembalun da Senaru na gindin Rinjani, inda dako da jagoranci da girki da tuƙi suka zama abincin gidaje masu yawa. Lokacin da girgizar ƙasa ta 29 ga Yulin 2018 ta rutsa da ɗaruruwan masu hawa a kan Rinjani, sannan wata mafi ƙarfi ta biyo baya ranar 5 ga Agusta ta kashe fiye da mutum 500 a Lombok, an rufe dutsen tsawon watanni, kuma waɗannan gidaje ne suka ji a jikinsu. Dama duk shekara ana rufe shi lokacin damina, daga Janairu zuwa Maris.

A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa baligi ne, ya sa hannu a takarda, ya san abin da ya shiga. Wannan hujja tana da ƙarfi idan an gaya masa gaskiya. A shari'ar da ta biyo bayan Whakaari, babban abin da aka tuhumi kamfanonin yawon buɗe ido da shi shi ne rashin auna haɗarin yadda ya kamata da rashin bayyana shi ga baƙi, kuma kotu ta ci tarar wasunsu, ta sa su biya diyya. Yardar da aka samu ta hanyar ɓoye haɗari ba yarda ba ce.

Ni inda na tsaya shi ne a tsakanin nan, amma na fi karkata ga tsaurara doka a kan kamfani da dillali. Ƙayyade adadin mutanen da jagora ɗaya zai riƙe, horar da shi taimakon gaggawa, ajiye igiya da kayan ceto a sansanin sama maimakon a jira a kawo su daga gari, hana sayar da gajeriyar tafiya ga sabon shiga: duk waɗannan za su ƙara farashi, kuma ya kamata su ƙara. Hukumomin Indonesiya sun rufe hanyoyin Rinjani na ɗan lokaci a watan Agustan 2025 domin gyara da sake tsarin ƙa'idoji, bayan wasu baƙin ma sun ji rauni a Yuli. Abin da ba na so shi ne a kama jagora a hukunta shi a ce an gama, alhali wanda ya ci riba mafi tsoka yana can gari bai taɓa taka dutsen ba.

Musulmi a ɗakin haɗaka

Wanda ya fito daga wajenmu yana da ƙarin lissafi. Yawancin ɗakunan haɗaka maza da mata ne a cakuɗe, sai dai wurare da yawa suna da ɗakin mata zalla, kuma ana ganin hakan tun wajen kama gado a intanet. Masaukan kala biyu ne: akwai na shagali masu mashaya da kiɗa har tsakar dare, akwai masu natsuwa. Kwanon da ke kicin kowa na soya abin da ya ga dama a ciki, don haka wanke shi da kanka ko ka riƙe 'yar tukunyarka. A wasu wurare na Amurka ta Tsakiya da kitsen alade ake soya wake, sai an tambaya. Lombok kuwa ta fi sauƙi, domin mutanenta, ƙabilar Sasak, Musulmi ne, har ana mata kirari da tsibirin masallatai dubu. Mai yiwuwa ɗan dakon da ke ɗauke da tantinka shi zai nuna maka alƙibla. A kan dutse, inda ruwa na sha ne kawai, sauƙin da addini ya yi wa matafiyi na taimama da ƙasaru da haɗa salloli yana nan.

Kada a ɗauka duk haɗarin yana kan dutse. A Nuwamban 2024 baƙi shida suka mutu bayan sun sha barasar da ta gurɓata da sinadarin metanol a garin Vang Vieng na Laos, wanda matattarar 'yan jakar goyo ce.

Inda abin ya zo kusa da gida

Ga mai fasfon Najeriya, ƙofar Indonesiya ba a buɗe take kamar yadda take ga Bature ba. Najeriya tana cikin 'yan ƙasashen da sai an yi wa ɗansu tantancewa ta musamman kafin a ba shi biza. Amma ba sai an je can ba. Dutsen Kamaru, wanda ake kira Fako, ya haura mita 4,000, ya fi Rinjani da Acatenango tsayi, yana da rai, ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Daga garin Buea ake hawansa da jagorori da 'yan dako na yankin, kuma tun 1973 ake tseren hawansa. Sai dai yana yankin Kudu maso Yammacin Kamaru mai fama da rikicin 'yan aware, har an samu fashewar bama-bamai a tseren 2023, don haka tambayar tsaro tana gaba da tambayar takalmi. Akwai kuma Pico do Fogo mai mita 2,829 a Cape Verde, ƙasar da ke cikin ECOWAS. A ƙarshen 2014 narkakken dutse ya binne ƙauyuka biyu a gindinsa ba tare da ya kashe kowa ba, mutanen suka dawo suka sake gini, suna saukar da baƙi suna musu jagora.

Duk inda mutum ya nufa, inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta biyan hatsarin da ya faru sama da wani tsayi da aka ƙayyade, sai an karanta an ƙara kuɗi. Ɗauko majinyaci daga kan dutse, ko dawo da gawa gida daga wata nahiya, nauyi ne da zai iya cinye gidan iyali.

Kafin a miƙa kuɗi a teburin masauki, a nemi sunan kamfanin da zai yi hawan, a yi magana da shi kai tsaye. A tambayi mutum nawa ne a ayarin, jagora nawa ne, ba tare da an lissafa 'yan dako a cikinsu ba, domin su a sansani suke tsayawa daren hawan ƙololuwa. A duba matakin gargaɗin dutsen a ranar. A ga tantin da bargon da ido. A ji nawa ake biyan ɗan dako da nauyin da ake ɗora masa. Sannan a yi tambayar da ta fi kowace: idan na gaji da ƙarfe huɗu na asuba a tsakiyar hanya, wa zai tsaya tare da ni, ko ya rako ni sansani? Idan amsar ita ce za ka zauna ka jira a dawo, to a nemi wani kamfanin, ko a ƙara kuɗi a ɗauki jagora na biyu tun daga ƙasa.